Rigimar 'Yan Kwikwiyo da Kyautar Hugo: Wai Akwai Labarin da Ba Ruwansa da Siyasa?



Akwai wata magana da ke yawan fitowa a wannan zaure duk lokacin da aka taɓo abin da labari ya kamata ya ƙunsa. Sai ka ji wani ya ce shi dai nishaɗantarwa ya zo yi, ba ruwansa da siyasa. Mu a ganinmu wannan magana ba ta da ƙafar tsayuwa. Hujjar da za mu kawo a maƙalar wannan mako daga Amurka take, daga wasu marubuta da suka fi kowa ɗaga murya da irin wannan magana, har suka kusa wargaza kyautar adabi mai shekara sittin a kanta.

Amurkawa suna da wata kalma, gik, da suke kiran mutumin da ya zama maye a kan abin da sauran jama'a ke ɗauka shirme: mujallun labarai masu zane, ƙagaggun labaran kimiyya da na sararin samaniya, labaran dodanni da matsafa, wasannin kwamfuta. Kamar dai yadda muke cewa wane mayen ƙwallo ne, sai dai shi wannan a da zagi ne. Gik shi ne yaron nan mai tabarau da ke raɓewa a lungun aji yana karanta labarin kumbo, ba ya iya wasan guje-guje, ba wanda ke son zama kusa da shi. Da aka ware su sai suka kafa tasu duniyar, da mujallunsu da tarurrukansu da kyaututtukansu. Daga baya zamani ya juya. Kwamfuta ta zama hanyar arziki. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4, ya sayi Lucasfilm mai Star Wars a 2012 a kan kusan wannan kuɗin, fim ɗin Black Panther kaɗai ya tara sama da dala biliyan 1.3 a 2018. Kayan 'yan lungu ya zama babbar kasuwa, kowa ya shigo, mata da baƙaƙen fata da mutanen Asiya da na Afirka. To, duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san irin kallon da waɗanda suka fara kafa rumfa ke yi wa sababbin zuwa.

Babbar kyautar wannan duniya tasu ita ce Hugo. An fara ba da ita a 1953, an kuma sa mata sunan Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Kofin da ake bayarwa siffar roka ne. Abin da ya bambanta ta da yawancin kyaututtukan adabi shi ne babu kwamitin farfesoshi da ke zama ya yanke hukunci. Masu karatu ne ke zaɓe, wato duk wanda ya yi rajistar babban taronsu na shekara-shekara da ake kira Worldcon. Ko ba za ka je taron ba, a 2015 dala 40 ta isa ka sayi 'yancin jefa ƙuri'a. Zaɓen kuma hawa biyu ne. Da farko kowa ya rubuto sunayen ayyuka har biyar da suka burge shi a kowane rukuni, a wancan lokaci biyar ɗin da suka fi samun ambato ne ke fitowa zagayen ƙarshe. Sannan a sake jefa ƙuri'a a kansu, kuma a takardar akwai gurbin da ke cewa babu wanda ya cancanta a wannan rukuni. Ku riƙe wannan gurbin, za mu dawo gare shi.

A 2013 wani marubuci mai suna Larry Correia, wanda littattafansa na farautar dodanni da bindiga ke tafiya sosai a kasuwa, ya fara wani kamfe da ya kira Sad Puppies, wato 'yan kwikwiyo masu baƙin ciki. Da wasa ya faro shi. Ƙorafinsa shi ne wasu 'yan tsiraru masu ra'ayin kawo sauyi sun kankane kyautar, suna ba junansu, kuma ana duba ra'ayin siyasar marubuci da jinsinsa da launin fatarsa kafin a duba daɗin labarinsa. Abokinsa Brad Torgersen, wanda ya karɓi ragamar kamfen a 2015, ya yi kukan cewa a da idan ka ga kumbo a bangon littafi ka san labarin kasada za ka samu a ciki, yanzu kuwa sai ka buɗe ka tarar da wa'azi a kan wariyar launin fata ko matsalar jinsi. Littafin da ya ci kyautar a 2014, Ancillary Justice na Ann Leckie, ya ƙara musu haushi, don mai ba da labarin ba ta bambanta mace da namiji, kowa "ita" take ce masa. (Mu da harshenmu ke raba kai da ke, ka da ki, a kusan kowace jimla, duk wanda ya ɗauko fassara wannan littafi zuwa Hausa ya ɗauko wa kansa aiki.)

Ba za mu ce ƙorafin nan duk ƙarya ba ne. Kowace ƙungiyar marubuta da ta daɗe tana da 'yan gaban goshi, kuma duk wanda ya taɓa shiga taron marubuta a matsayin baƙo ya san wannan zafin na ganin ana ta gaisawa da juna shi an bar shi yana danna waya. Mutane dubu biyu ko ƙasa da haka ne ke tsayar da 'yan takarar Hugo a lokacin, da yawansu sun san juna shekara da shekaru. A ce son kai bai taɓa shiga ba, wannan kare kai ne kawai.

Inda maganarsu ta karye shi ne da'awar cewa a da can babu siyasa a fagen, baƙi ne suka kawo ta. A taron Worldcon na farko, wanda aka yi a New York a 1939, masu shirya taron sun hana wasu matasa shida na ƙungiyar Futurians shiga zauren, ciki har da Donald Wollheim da Frederik Pohl waɗanda daga baya suka zama manyan editoci, kuma ra'ayin gurguzu da wasunsu ke da shi yana cikin abin da ya haddasa rigimar. Fitowar farko ta mujallar Captain America, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 1940, bangonta jarumin ne yana naushin Hitler a muƙamuƙi. Yahudawa biyu ne suka ƙirƙiro shi, Joe Simon da Jack Kirby, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙin. A 1968 mujallar Galaxy ta buga shafi biyu suna kallon juna, ɗaya sunayen marubutan da ke goyon bayan yaƙin Biyetnam, su Robert Heinlein, ɗaya na masu adawa da shi, su Isaac Asimov da Ursula Le Guin. Shi kansa Heinlein, wanda 'Yan Kwikwiyo ke ɗauka a matsayin gwanin labarin kasada zalla, littafinsa Starship Troopers da ya ci Hugo a 1960 cike yake da darussa a kan cewa sai wanda ya yi wa ƙasa hidima ya cancanci jefa ƙuri'a. Idan wannan ba siyasa ba ce, ba mu san me ake kira siyasa ba.

Sai labarin Samuel Delany, baƙar fata kuma ɗaya daga cikin fitattun marubutan fagen. Ya ba da labarin yadda a 1967 John W. Campbell, editan da ya fi kowa faɗa a ji a lokacin, ya ƙi buga littafinsa Nova a mujallarsa, da hujjar cewa masu karatunsa ba su shirya karɓar baƙin mutum a matsayin jarumi ba. Wanda ya taso yana karanta mujallar Campbell ba zai taɓa jin akwai siyasa a ciki ba, tunda duk jaruman kamarsa suke. Siyasar an riga an gama ta a ofishin edita kafin mujallar ta iso hannunsa.

Nan ya kamata mu ɗan dakata mu dubi namu, don wannan gaɓar ta shafe mu kai tsaye. Ɗauki labaran soyayya goma da ke yawo a WhatsApp da Wattpad a yau. A nawa ne jarumar ba fara ba ce, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, wadda kakarta Balarabiya ce ko Bafulatana? A nawa ne 'yar aikin gidan, ko muguwar kishiya, ba baƙa ba ce mai faffaɗan hanci? Jarumin kuma ɗan wane ne, a Dubai ko Landan ya yi karatu, talaka in ya fito to direba ne ko mai gadi, sai in daga baya za a gano ashe ɗan sarki ne da aka sace yana jariri. A littattafan yaƙi da muka taso muna haya a shagunan unguwa, wa ake ba takobi da nasara, wa ake sa wa sunan arna a karkashe su dubu-dubu ba tare da an ba ko ɗayansu uwa ko ɗa ba? Marubucin duk waɗannan zai rantse maka nishaɗi kawai yake bayarwa, kuma ba ƙarya yake ba, haka ya ɗauka. Amma yarinya baƙa 'yar shekara goma sha huɗu da ta karanta irin wannan littafi talatin ta riga ta karɓi saƙo a kan matsayinta, kuma mai sayar da man bilicin ya fi marubucin sanin darajar saƙon. Ba muna cewa a daina rubuta farar jaruma ba. Muna cewa zaɓi ne, a yi shi da ido buɗe.

Mu koma Amurka. A 2015 aka samu kashi na biyu na 'Yan Kwikwiyo, masu kiran kansu Rabid Puppies, wato mahaukatan kwikwiyo, ƙarƙashin Theodore Beale da aka fi sani da Vox Day. Shi wannan ana bayyana shi a matsayin mai aƙidar fifita farar fata. Ƙungiyar marubutan labaran kimiyya ta Amurka ta kore shi a 2013 bayan ya yi wa marubuciya N. K. Jemisin, baƙar fata, zagin wariyar launi ta hanyar amfani da kafar ƙungiyar. Yana kuma da kamfanin ɗab'i nasa, Castalia House. Kowane ɓangare ya fitar da jerin sunaye ya ce wa mabiyansa ga waɗanda za ku rubuta, kuma jerin biyu sun yi kama da juna sosai.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin zaɓen fid da gwani zai gane shi. A misali, mutum dubu ɗaya da ɗari biyar kowa ya rubuto gajerun labaran da suka burge shi daga cikin dubban da aka buga a shekara. Ƙuri'unsu za su warwatse, labarin da ya fi kowane farin jini da ƙyar ya samu ambato ɗari. Sai mutum ɗari biyu su zo da sunaye biyar iri ɗaya. Sun cinye gurbin biyar ɗin kaf, alhali ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na masu zaɓe ba. Haka kuwa aka yi. Takardun tsayarwa 2,122 aka karɓa a shekarar, amma da aka fitar da sunaye a watan Afrilu sai ga rukuni-rukuni babu kowa a ciki sai 'yan jerin Kwikwiyo. Marubuci guda, John C. Wright, ya riƙe gurbi uku cikin biyar na rukunin matsakaicin labari, kuma kamfanin Beale ne ya buga su. Ba su karya doka ko ɗaya ba. Dokar ce aka rubuta ta bisa zaton kowa zai zo da kunya.

Wasu da aka sa sunansu a jerin ba tare da sun san da wa aka haɗa su ba suka janye. Marko Kloos ya janye littafinsa, Annie Bellet ta janye gajeren labarinta. Ku tuna fa, wannan kyauta ce da marubuci kan yi shekara ashirin yana mafarkinta. Janyewar Kloos ce ta buɗe gurbi ga The Three-Body Problem na Liu Cixin, ɗan ƙasar Sin, wanda Ken Liu ya fassara zuwa Ingilishi.

Sauran masu karatu kuma suka fusata suka yi ta yin rajista. A daren 22 ga Agusta 2015, a birnin Spokane na jihar Washington, aka bayyana sakamakon ƙuri'u 5,950, adadin da ba a taɓa gani ba. A rukuni biyar aka ce babu wanda ya cancanta: matsakaicin labari, gajeren labari, rubutun nazari, da rukunin editoci guda biyu. A duk tarihin kyautar kafin wannan dare, sau biyar kacal aka taɓa yin haka. Littafin Liu Cixin ya ci babbar kyautar, karo na farko da fassararren littafi ya ci. Daga jerin 'Yan Kwikwiyo abu ɗaya ne ya tsira, fim ɗin Guardians of the Galaxy, wanda dama ko ba su zai shiga.

An yi ta tafi a zauren duk lokacin da aka ce babu wanda ya cancanta, kuma mu wannan tafin bai yi mana daɗi ba. A fasa kowa ya rasa ke nan. A cikin waɗanda aka hana akwai editoci irin su Toni Weisskopf ta kamfanin Baen, waɗanda suka shafe shekaru suna aiki tuƙuru, laifinsu kawai wani ya rubuta sunansu a jerinsa. Akwai kuma marubutan da ba su ma samu shiga zagayen ƙarshe ba saboda an cinye gurbinsu, shekararsu ta wuce ba za ta dawo ba. George R. R. Martin, mai Game of Thrones, ya haɗa wasu kofuna da kayan adon gaban tsofaffin motoci ya raba wa wasu daga cikinsu a wajen walimar bayan taro, amma kofin lallashi ba ya shiga bangon littafi kamar Hugo. Duk da haka, da mu ne ke da ƙuri'a a ranar, a rukunin da aka cike da kayan kamfanin mutum ɗaya da mun bi sahun masu hanawa. Da an bari sun ɗauka, da shekara mai zuwa kowane ɓangare ya fito da nasa jerin, kyautar ta koma gasar wa ya fi yawan yara.

Me ya sa rigimar masu karanta labarin kumbo ta yi zafi haka? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara guda kafin nan, a Agustan 2014, aka yi abin da ake kira Gamergate a duniyar wasannin kwamfuta. An fara da sunan neman gaskiya a aikin 'yan jaridar da ke sharhin wasanni, aka ɓige da farautar mata irin su Zoë Quinn da Brianna Wu da Anita Sarkeesian, ana wallafa adireshin gidajensu ana yi musu barazanar fyaɗe da kisa. A Oktoban shekarar Sarkeesian ta soke laccar da za ta yi a wata jami'a a jihar Utah bayan an yi barazanar buɗe wuta a zauren. Jaridar intanet ta Breitbart ta rungumi wannan fushi ta yi ta hura shi, kuma shugabanta a lokacin, Steve Bannon, ya san wannan jama'a tun sa'ad da ya yi aiki da wani kamfani mai sayar da kuɗin cikin wasan World of Warcraft. A Agustan 2016 Bannon ya zama shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump. Kukan iri ɗaya ne a ƙaramin fage da babba: wurin nan namu ne, an bar baƙi sun shigo, manya sun haɗa baki da su, mu ƙwato abinmu. Har John Boyega, ɗan Ingila wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sha nasa rabon zagin lokacin da aka ga baƙar fuskarsa a tallar sabon Star Wars. Ba muna cewa masu wasan kwamfuta ne suka zaɓi Trump ba, mutum miliyan sittin da wani abu ne suka zaɓe shi, kowa da dalilinsa. Amma salon faɗan, na taron dangi a kan mutum ɗaya a intanet da mayar da zagi abin dariya, a can aka gwada shi aka ga yana aiki.

Bayan ƙura ta lafa, N. K. Jemisin, wadda Beale ya zaga, ta ci Hugo a 2016 da 2017 da 2018 a jere da littattafanta uku na The Broken Earth, abin da ba wanda ya taɓa yi. A 2016 ɗin Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta ci rukunin matsakaicin labari da Binti. Aka kuma gyara dokar tsayarwa daga 2017, ta yadda idan takardu da yawa suka zo da sunaye iri ɗaya, sunayen za su riƙa cin junansu maimakon su cinye na kowa, aka ƙara gurbin zagayen ƙarshe zuwa shida. Correia shi ma bai tashi a tutar babu ba, ya ci sabuwar kyautar Dragon da aka fara a Atlanta a 2016.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce masu gaskiya sun yi nasara a tashi. Ana wata ga wata. A Oktoban 2023 aka yi Worldcon a birnin Chengdu na ƙasar Sin. Al'adar Hugo ce a wallafa cikakken lissafin ƙuri'u bayan an gama, kowane aiki da adadin da ya samu. Wannan karon sai aka ja ƙafa har Janairun 2024. Da lissafin ya fito sai aka ga an rubuta "bai cancanta ba" a gaban wasu sunaye da suka samu isassun ƙuri'u, ba tare da wani dalili ba. Ciki har da Babel na R. F. Kuang, wanda ya riga ya ci kyautar Nebula a shekarar, da marubuciya Xiran Jay Zhao, da wani mai sharhi Paul Weimer. A watan Fabrairu wata 'yar kwamitin ta fitar da saƙonnin imel da suka yi wa juna. Sai ga shi shugaban kwamitin, Dave McCarty, Ba'amurke, shi ne ya umarci abokan aikinsa na Amurka da Kanada su binciki 'yan takara su tattaro duk abin da suka taɓa faɗa a kan Sin da Taiwan da Tibet. An rubuta wa Weimer laifin zuwa Tibet, alhali Nepal ya je. Babel kuwa littafi ne da ke caccakar mulkin mallakar Ingila, marubuciyarsa a Guangzhou aka haife ta. A cikin saƙonnin da suka fito babu wata takardar umarni daga gwamnatin Sin. Mutanen da suka tsaya tsayin daka a kan 'Yan Kwikwiyo da sunan kare mutuncin kyautar, daga cikinsu aka samu masu yanka marubuta tun kafin a ce su yanka.

Wannan kashin ya fi na farko ba mu tsoro, don mun san kamanninsa. Amurkawa sun ƙona mujallun zane a harabar makarantu a ƙarshen shekarun 1940, majalisar dattawansu ta zauna a kansu a 1954, sai kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace kansu, wadda ta fi abin da gwamnati za ta iya yi tsanani. Mu ma a Kano an ƙona littattafan Hausa a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Kafin nan, a shekarun 1990, an sha muhawara a jaridu tsakanin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme a kan ko abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano adabi ne ko a'a, wato dai wa ke da ikon cewa wannan rubutu ne, wancan ba rubutu ba. Wutar ƙona littafi ana ganinta, ana iya yin magana a kanta. Wanda ba a gani shi ne alƙalin gasa da zai ajiye labari a gefe don yana tsoron kada mai ɗaukar nauyi ya ji haushi, ko admin da zai goge rubutu don kada a ce zaurensa ya taɓa wani babba, ba tare da kowa ya buga masa waya ba.

Sai kuma gasanninmu na intanet. Kowa a nan ya san gasar da ake cewa wanda ya fi samun like ko sharhi shi ya ci. Ana sanarwa sai a watsa a zaurukan ƙungiya da na masoya, a zo a taya 'yar uwa, a turo hoton shaida in an danna. Mai mabiya dubu biyar ta doke mai mabiya hamsin tun kafin a karanta layin farko na kowannensu. Wannan shi ne jerin 'Yan Kwikwiyo, bambancin kawai namu babu aƙida a ciki sai zumunci. Wanda ke shan kashi shi ne sabon marubucin da bai shiga kowace ƙungiya ba, wato mafi yawan masu karanta wannan maƙala, musamman in abin da yake rubutawa ba soyayya ba ne. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya, amma matashin da ya bi sawunsa a yau da wuya ya kai ko'ina a gasar like. Gasar da ke da alƙalai, irin Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, ta kauce wa wannan ramin, sai dai labarin Chengdu ya nuna kwamiti ma yana da nasa ramin.

Abin da ya tona asirin Chengdu shi ne lissafin nan da dole a wallafa. Masu karatu ne suka zauna da alƙaluman suka ga ba su haɗu ba. Da irin gasar da ake fitowa kawai a ce wance ce ta ɗaya ce, da har yau ba wanda ya sani. A shekarar da ta biyo baya, da aka yi taron a Glasgow, kwamitin ya gano ƙuri'u 377 na bogi cikin 3,813, sunayen ƙarya da aka saya wa rajista don ɗaga aiki guda. Ya soke su, ya kuma fito ya faɗa wa duniya tun kafin ranar ba da kyauta.

Don haka ga roƙonmu ga shugabannin wannan zaure da na sauran ƙungiyoyi, kafin gasa ta gaba. A bayyana sunayen alƙalai tun ranar buɗe gasa. A cire sunan marubuci daga kan labari kafin ya isa hannunsu, a sa lamba. Idan an cire wani labari daga takara, a rubuta wa mai shi dalili, ko da layi biyu ne. Bayan sanarwa kuma a liƙa makin da kowane alƙali ya ba labarai goma na sama a nan inda ake liƙa wannan maƙala, kowa ya gani. Idan dole sai an ba masu karatu dama su zaɓa, a ware musu kyautarsu daban a kira ta da sunanta, zaɓin masu karatu, kada a haɗa ta da ta alƙalai.